Gado ko amana: sunan da muke kiran abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Bara da kaka na tafi wani ƙauye na jihar Damagaram domin tattara kalmomin noma da nake bukata a kundina. Wata rana da la'asar, bayan mun gama hira a kan sunayen gero da dawa, dattijon da ya sauke ni ya aiki jikansa ya ɗauko wata ƴar tukunya daga bayan rumbu. Baƙa ce, bakinta ya ɓare, jikinta da zane irin wanda ba a yi yanzu a yankin. Ya ce hauya ce ta tono ta a gonarsa, wadda take kan wani tsohon kufai, kuma wani baƙo ya taya ta jika biyar. Sai ya dube ni ya ce: "Malam, ku da kuka yi boko, wannan ta wa ce?"

Na amsa da abin da na saba ji a rediyo. Na ce: "Baba, ai gadon ƙasa ce."

Ya yi murmushi ya ce: "To, in gado ce, ina cikin magada, tunda a gonata ta fito. Sai a ba ni rabona."

Na rasa ta cewa. Dattijon bai yi kuskure a Hausa ba, ni ne na ba shi kalmar da ta halatta masa abin da nake son hana shi. Tun daga ranar nake da ra'ayin da nake son gabatarwa a nan: wuraren tarihinmu da ke binne ba za su tsaru ba muddin dokar da ke tsaron su tana magana da harshen da maƙwabtansu ba su ji, ko da kalmomin da ke nufin wani abu dabam a kunnensu. Wannan kuwa aiki ne da ya rataya a wuyanmu, mu masu nazarin harshe, kamar yadda ya rataya a wuyan masu binciken tono.

Bari mu fara da Bura, domin a nan ne muka ga iyakar abin da sakaci ke jawowa. Bura tana cikin gundumar Tera, a jihar Tillaberi, ba nisa da iyakar Burkina Faso. An ci karo da wurin a 1975, sa'an nan a 1983 marigayi Boubé Gado na cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai ya jagoranci tono a Bura-Asinda-Sikka. A cikin fili ƙanƙane aka samu ɗaruruwan tukwanen yumɓu a jere, an kife su, waɗansu dogaye kamar turmi, waɗansu an ɗora musu siffar kan mutum ko ta mahayin doki. A ƙarƙashinsu akwai ƙasusuwan mutane, tare da kayan ado da kawunan kibiya na ƙarfe. Binciken ya nuna cewa al'ummar da ta yi wannan aiki ta rayu tun daga wajen ƙarni na 3 har zuwa bayan ƙarni na 10. Wato mutane ne masu ƙira, masu ginin tukwane, masu dawaki, da suka zauna a kwarin Kwara ɗaruruwan shekaru, alhali babu wani littafi da ya ajiye mana labarinsu. Duk abin da za mu sani game da su yana cikin ƙasar nan.

A 1993 aka buɗe wani babban baje-koli a Faris a kan tarihin kwarin Kwara, wanda daga baya ya zagaya manyan biranen Afirka ta Yamma. Kayan Bura na cikin abubuwan da suka fi ɗaukar ido. Duniya ta san Bura, dillalan kayan tarihi ma suka san ta. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, rayuwa ta ƙara tsanani a karkara. Kasuwa mai ƙishirwa a waje ta haɗu da talauci a gida, sai tono ya ɓarke. Aka bi wurare ana rarake su da dare da rana, a zaɓi kai ko mutum-mutumin da zai yi kuɗi, a farfashe saura. Har ta kai a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na kayan Afirka da ake wawashewa, tana gargaɗin kowa da kada ya saya. A 2006 Nijar ta sa wurin a jerin waɗanda take fatan UNESCO ta amince da su. Har yanzu yana jerin jira. Wurare uku ne muke da su a babban jerin: gandun Ayar da Tenere tun 1991, gandun W tun 1996, da tsohon birnin Agadas tun 2013.

Wani zai ce: to, mene ne asarar, tunda kayan suna nan a gidajen tarihi da ɗakunan attajiran Turai, ba su ɓace ba? Ɗalibin harshe ya fi kowa sanin amsar. In aka rubuta maka "gado" ita kaɗai a kan takarda, ba alamar karin sauti, ba jimla, ba za ka san ko na kwanciya ake nufi ko na mamaci ba. Haka tukunyar da aka fizge daga ƙasa take. Mai binciken tono yana karanta zurfin da ta kwanta, da abin da ke gefenta, da gawayin da za a auna a san shekarunta, da ƙashin da ke ƙarƙashinta. In aka raba ta da waɗannan, kyanta ya rage, bayaninta ya tafi. Kuma tono sau ɗaya ake yin sa. Wanda ya kuskure naɗar magana yana iya komawa wurin mai ba da labari gobe, amma ramin da aka rarake ba ya komawa yadda yake.

Ba a rasa doka ba. Tun ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar take da doka mai lamba 97-022 a kan karewa da adanawa da raya kayan al'adun ƙasa. Ta hana tono ba tare da izinin hukuma ba, ta kuma sa sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan kaya waje. Sai dai da Faransanci aka rubuta ta. Manomin da hauyarsa ke cin karo da tukunya, da makiyayin da ke kiwo kan kufai, da mai garin da za a fara kai wa ƙara, da direban da za a ba kwali ya kai tasha, mafi yawansu ba su taɓa jin ta da harshensu ba. In ma sun ji, to a bakin mai fassara ne da ya ɗauki kalmar da ta fara zo masa, kamar yadda na yi a gaban dattijon nan.

Mu duba kalmomin da muke amfani da su ɗaya bayan ɗaya.

Kalmar Faransanci patrimoine mun saba mayar da ita "gado". A wurin Bahaushe gado dukiya ce da mamaci ya bari, wadda ake kiran malami ya raba, kowa ya ɗauki nasa, in ya so ya sayar, in ya so ya kyautar. Gadon da aka ƙi rabawa ma abin zargi ne, ana cewa an danne haƙƙin marayu. Saboda haka duk wanda ya ce wa talaka wannan gadonmu ne, sa'an nan ya hana shi taɓawa, ya yi magana biyu masu karo da juna.

"Kayan tarihi" ita ma tana da nata nauyi. Kaya abu ne da ake ɗauka, a ɗaure, a kai kasuwa. Kalmar tana jawo hankali ga abin da za a iya cirewa, ta mantar da mu wurin da ya fito, alhali wurin shi ne abin tsaro.

"Kufai" kuwa, da ƴar'uwarta "kango", suna nufin inda mutane suka tashi suka bari. Abin da aka bari ba shi da mai shi, kowa na iya noma shi ko ya kwashi ƙasarsa ya yi tubali.

Mafi haɗari ita ce "gunki". Da zarar an kira mutum-mutumin yumɓu gunki, an yanke masa hukunci: ko a fasa shi don neman lada, ko a sayar wa wanda ba ruwansa, a huta. A bayan wannan akwai wata mas'ala da ba mu cika ambata ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu suna da babin rikazi, wato dukiyar mutanen jahiliyya da aka samu a binne, wadda ake fitar da ɗaya bisa biyar ɗinta, saura ya zama halal. Mutumin da ya ji wannan a wurin malaminsa yana da hujjar da yake ganin ta fi takardar gwamnati ƙarfi. Wanda bai san da wannan babi ba, ba zai gane dalilin da ya sa jawabinsa na wayar da kai ba ya shiga ba.

Yanzu mu gwada wata kalmar. Abin da aka tono a Bura-Asinda-Sikka makabarta ce. Mutane ne aka binne, ƴan'uwansu suka kafa musu alama. Ban san ƙauye ɗaya a ƙasar nan ba inda za a ce wa mutum "zo mu tone makabarta mu sayar da abin da ke ciki" ya amsa da fara'a. Mutuncin mamaci abu ne da Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya duk suka yarda da shi. Aikin da ake kira neman kaya, da an kira shi tonon kabari, da yawa daga masu yin sa sun ji nauyi. Kuma ba yaudara ba ce, gaskiyar abin ke nan.

A madadin "gado" kuwa, ina ganin "amana" ta fi dacewa. Amana abu ne da yake hannunka amma ba naka ba, za ka tsare shi, ka miƙa shi yadda aka ba ka, kuma cin ta abin kunya ne a duniya da lahira. Wannan ita ce ainihin ma'anar da dokar 1997 take nema: wuri yana hannun mutanen yau, amma na waɗanda ba a haifa ba ne su ma. Akwai kuma "wakafi", wadda malamai suka sani sarai: dukiyar da aka tsayar don amfanin jama'a, ba a sayar da ita, ba a rabon gadonta. Ban ce lalle waɗannan ne kalmomin ƙarshe ba. Abin da nake cewa shi ne a gwada su a fili, a gaban manoma da malamai da sarakuna, a ji abin da kowace take haifarwa a zuciyar mai sauraro, kafin a buga ta a allo. Mutanen Tera kuma ba Hausa ce harshensu na farko ba, don haka wannan aiki sai ƴan'uwanmu masu nazarin Zarma-Sonai da Fulatanci da Gurmanci sun yi irinsa a nasu harsunan. Ko da yake kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, allon da za a kafa a bakin wuri ya kamata ya yi magana da harshen wanda ke noma kusa da shi.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗar sa suna da gaskiya babba. Za a ce kalma ba ta cika ciki. Wanda damina ta ƙi masa, ga iyali, ga baƙo riƙe da jika biyar, ba zai tsaya bambance gado da amana ba. Za a ce kuma yankin Tera yau yana fama da rashin tsaro, malamin lakwal ma da ƙyar yake zama, balle mai gadin makabartar da ta shekara dubu. Za a ƙara da cewa tushen cutar yana waje, a wurin masu saye, kuma muddin akwai mai saye za a sami mai tono. Duk na yarda. Ban zo in ɗora wa talaka laifin da ya fi ƙarfinsa ba, shi da ake ba ƴan jikkuna a kan abin da za a sayar da ninkin-ba-ninkinsu a wata ƙasa.

Amma wannan hujja tana ƙarfafa maganata ne. In hukuma ba ta iya sa jandarma a kan kowane kufai, kuma ba za ta taɓa iyawa ba a ƙasa mai faɗin Nijar, to mai tsaron da ya rage shi ne maƙwabcin wurin. Maƙwabci kuwa ba ya tsaron abin da bai fahimta ba, ko abin da ya ɗauka na nasara ne da ƴan boko. Kalma ita kaɗai ba ta isa, amma duk sauran matakan ta bakinta suke bi.

Muna da misalin da ke nuna haka a arewa. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai dutsen da aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa, babban ya haura mita 5, tare da ɗaruruwan wasu zane-zane a duwatsun kewaye. Bafaranshe Christian Dupuy ne ya fara rubuta bayaninsu a 1987. Da sunansu ya bazu, sai haɗari ya ƙaru: masu tattakawa, masu rubuta sunansu a kai, masu ɓantarar dutse. A 1999 aka ɗauki tambarin sassaƙar, aka zuba kwafinta da alminiyam, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. Abin da ya fi kwafin muhimmanci shi ne an ɗauki masu gadi daga cikin Abzinawan yankin, aka haƙa rijiya kusa, su ne kuma suke yi wa baƙi jagora. Wurin ya zama yana da mutanen da suka san shi da harshensu, suke kuma samun abin sawa a baki ta dalilinsa. Ban ce komai ya daidaita a can ba, musamman da baƙi suka ɗauke ƙafa. Amma raƙuman suna nan a kan dutsensu, Bura kuwa ta watsu cikin duniya.

Akwai wata gudummawar da mu kaɗai muke iya bayarwa, wato nazarin sunayen wurare. Sau da yawa suna shi ne shaida ta farko cewa akwai abu a ƙasa. A jihar Damagaram akwai Kufan Kanawa, wuri mai tsohuwar ganuwa doguwa, wanda Anne Haour ta yi bincike a kansa. Sunan kansa yana ɗauke da da'awar tarihi, domin labarin baka yana danganta mazaunansa da mutanen Kano. Ko da'awar ta tabbata ko ba ta tabbata ba, sunan ne ya riƙe ta har masu bincike suka zo. A wajen Dakwaro akwai Birnin Lalle, wanda Gobirawa ke lissafawa cikin tsofaffin biranensu. A kudu da Agadas akwai Marandat, inda aka samu dubban ƴan kaskon narka tagulla, wadda masana da dama ke ganin ita ce Maranda da al-Ya'aƙubi ya ambata a ƙarni na 9. Duk inda ka ji "kufan wane", ko "birnin kaza" alhali babu gari a wurin, ko "tsohon gari", ko "ganuwa" a tsakiyar gonaki, to harshe yana nuna maka wuri da yatsa. Dattawan da suka san dalilin waɗannan sunaye suna ƙarewa, kuma in suka tafi, sunan zai zama sauti kawai.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, ba daga gwamnati kaɗai ba, daga sashenmu.

Na farko, malamanmu su jagoranci fassara dokar 1997 zuwa harsunan ƙasa, tare da masana shari'a da masu binciken IRSH da ma'aikatan gidan tarihi na Boubou Hama. A fitar da gajeren bayani wanda mai gari zai iya karanta wa jama'a, da boko da ajami, a kuma naɗe shi don gidajen rediyon karkara. A cikinsa a amsa tambayar da dattijon nan ya yi mini: in hauyata ta tono abu, wa zan gaya wa, kuma me zai same ni? Mutane da yawa suna ɓoye abin da suka samu ne don tsoron a ƙwace musu gona.

Na biyu, a zauna da malaman addini a kan mas'alar rikazi da ta makabartun mutanen da. Su ne suka san yadda za a bambance tulun zinariya da kabarin ɗan Adam, kuma maganarsu a huɗubar Juma'a ta fi allo goma isa.

Na uku, a ba ɗaliban digiri na biyu batutuwan kundi a kan sunayen kufai, gunduma gunduma. Kowannenmu yana da garin da ya fito, yana da kakan da zai buɗe masa baki. Sai dai a nan akwai tarko da ya kamata mu sani tun da wuri: jerin kufai mai cikakken kwatance taswira ce ga ɓarawo. Darasin 1993 ke nan. A buga nazarin sunan da labarinsa, amma ainihin kwatancen wurin a damƙa shi ga hukumar da ke da alhakin tsaro kaɗai.

Na huɗu, duk binciken da aka yi a wuri a mayar wa mutanen wurin da sakamakonsa da harshensu. Abin takaici ne a ce an rubuta littattafai da Faransanci da Ingilishi a kan kufan da ke bayan gari, alhali yaran lakwal na garin ba su taɓa jin abin da aka gano ba. Wanda aka tambaya aka tafi ba a dawo ba, gobe in dillali ya zo, shi zai saurara.

Na biyar, a ware wa masu gadi na gida albashi, ko kaɗan ne, daga kasafin ƙananan hukumomi, a kuma koya wa ma'aikatan duwan siffofin kayan da ke cikin jan jerin nan. Amana tana da nauyi, bai kamata a ɗora wa mai jin yunwa ita kyauta ba.

A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Duk ƙasa ta yi jimami, domin kowa ya san sunansa, kowa ya san na wa ne. Wuraren da ke ƙarƙashin ƙasa suna rushewa kullum ba mai kuka, don ba mu ba su sunan da zai sa a yi musu kuka ba.

Kafin in bar ƙauyen nan na koma wurin dattijon. Na ce masa: "Baba, na yi kuskure rannan. Tukunyar nan ajiya ce, masu ita sun riga mu, kuma Allah ya sa ta faɗo hannunka." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Ajiya kam ba a sayar da ita. Amma ka gaya wa manyanku su zo su gani, kada su bar ni da ita ni kaɗai." Na yi masa alkawari zan faɗa, ga shi na faɗa.